Darussan da na koya wajen sauya fasalin ƙaramar hukuma

Tunda na miƙa takardar barin aiki, yanzu zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, shugabanmu ya kafa kwamitin sake fasalin sassa, ya naɗa ni sakatare. Na karɓa da zuciya ɗaya, domin gyaran ya daɗe da wajaba. Masu karɓar haraji a kasuwa da tasha suna amsa umarni daga ofis biyu, kowanne da nasa rasit. Sashen ayyuka cike yake da mutanen da ba su da tebur, balle aikin yi. Muka bi sashe-sashe muka zauna da ma'aikata, har da masinjoji da direbobi, muka tabbatar musu cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da bakina na faɗa musu haka, kuma sun yarda da ni.

Kafin rahoton ya kai gaban kansiloli, shugaba ya nemi ganin jadawalin. Da ya dawo da shi, tsarin namu ne, amma sunayen ba namu ba ne. Duk wanda ake zargin bai yi masa zaɓe ba an tura shi ofishin gunduma mai nisa. Manyan ma'aikata, daga mataki na 07 zuwa sama, bai iya taɓa su ba, saboda lamarinsu yana hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha. Sai abin ya faɗa kan na ƙasa, masu mataki na 06 zuwa ƙasa, waɗanda kuɗin mota kaɗai zai cinye musu albashi.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba wannan muka tsara ba." Ya ce, "Malam, kai rubutu ne naka, sa hannu nawa ne." Amma ranar da wakilan NULGE, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, suka zo da ƙorafi, cewa ya yi su nemi sakataren kwamiti, shi ya san yadda aka yi. Akwai dattijon da har yau ba ya amsa sallamata, kuma ban ga laifinsa ba.

Wanda duk za a ba shi irin wannan aiki, ya raba tsarin kujeru da maganar wa zai hau su, ya sa a amince da na farko a rubuce kafin a ambaci suna ko ɗaya. Ya ajiye kwafin kowane daftari da kwanan wata. Ya shigo da ƙungiyar ma'aikata tun zaman farko.

Haɗe masu karɓar haraji ƙarƙashin ma'aji kuwa ya tsira, don shugaba bai ga abin da zai ci a ciki ba. Rasit ɗaya ake yankawa yanzu, kuma lissafin ƙarshen wata yana daidaita.