Makunnan gado a ƙwaƙwalwa: a ware cibiya kafin a auna

Niyuron da maikurogiliyar da ke maƙwabtaka da shi a ɓawon ƙwaƙwalwa DNA ɗinsu ɗaya ne, ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu haɗa furotin. Amma ɗaya saƙon lantarki yake aikawa, ɗayan kuwa aikinsa shara da gadi. Abin da ya raba su shi ne wurin da zaren DNA ya buɗe da wurin da ya rufe. Zaren yana naɗe ne a jikin furotin histon, haruffan DNA 147 a kowane ƙulli, kuma sai inda ya warware furotin masu kunna gado ke samun wurin zama. Waɗannan wuraren zama su ne makunnai, da ake kira inhansa, kuma sukan yi nisan dubban haruffa da ƙwayar gadon da suke juyawa, sai zaren ya lanƙwaso su haɗu.

Kowane irin sel da nasa makunnan. Wanda ya niƙa tsokar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ya auna, gauraye kawai zai samu, domin maikurogiliya kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne na sel ɗin da ke wurin, muryarsu ba ta fitowa. A 2019 ɗakin binciken Christopher Glass da ke Jami'ar Kalifoniya a San Diego ya ware cibiyoyin sel, wato ɗakunan da DNA ke zaune a cikin sel, daga ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta hanyar furotin masu alama: NeuN don niyuron, PU.1 don maikurogiliya, OLIG2 don oligodendurosait, sel masu lulluɓe jijiya da kitse. Sai ga shi bambance-bambancen DNA masu ƙara haɗarin cutar Alzheimer sun fi taruwa a makunnan maikurogiliya, ba na niyuron ba kamar yadda mutane da yawa suka zata. Da suka yanke makunni ɗaya na ƙwayar gadon BIN1 da CRISPR, almakashin yanke DNA, BIN1 ya yi shiru a maikurogiliya, amma a niyuron da asturosait, sel masu tallafa wa niyuron, ko gezau.

To, ina ake samun matsala a aikin hannu?

Tun daga rarraba tsokar. Idan aka narkar da ita da inzayim papain a zafin digiri 37, sel suna raye, suna jin abin da ake musu. Cikin ƙasa da awa guda ƙwayoyin gadon Fos da Egr1 sun tashi, sai a ga rukunin maikurogiliya "masu kumburi" wanda a zahiri kwalbar gwaji ce ta haife shi. Maganinsa a zuba aktinomaisin D tun farko don tsayar da kwafar RNA, ko a bar sel ɗin a nemi cibiya kai tsaye a kan ƙanƙara. Ga ƙwaƙwalwar da ta girma hanya ta biyun ta fi, domin manyan niyuron rassansu na tsinkewa su mutu, kuma tsokar da aka daskarar ba ta ba da sel mai rai.

Ana murza tsokar a kwalbar Dounce cikin ruwa mai sanyi da sabulun IGEPAL kashi 0.1 cikin 100 da maganin hana RNase, inzayim mai lalata RNA, a tace da rariya mai maikuron 40. A duba a madubin ƙara girma kafin a ci gaba. Cibiya mai lafiya zagaye take, gefenta sumul. Wadda ta fara yin ƙuraje a gefe ta sha sabulu ko murza fiye da kima, RNA ɗinta ya tsiyaye. Mayalin kuma, kitsen nan da ke lulluɓe jijiya, dole a cire shi da ayodiksanol ko sukuros a injin juyawa, in ba haka ba ya toshe hanyoyin na'urar 10x Chromium, wadda ke saka kowace cibiya a ɗigon ruwa nata don a karanta RNA ɗinta. Kada a cika lodi: yawan faɗawar cibiya biyu a ɗigo ɗaya na ƙaruwa gwargwadon yawan lodin. Duk "sabon nau'in sel" da ya fito da Slc17a7 (alamar niyuron) da Plp1 (alamar oligodendurosait) tare, a fara zarginsa da wannan.

RNA da ya zube a ruwa ya fi wannan wayo. Niyuron RNA ɗinsu da yawa, yakan shiga ɗigon asturosait har a ɗauka asturosait ne ke kunna gadon niyuron. A wanke sosai, a tace lissafin da manhajar CellBender ko SoupX. Kuma a ƙirga intron, sassan da ake yankewa daga RNA lokacin gyara shi, domin yawancin RNA na cibiya ba a gama gyara shi ba. NeuN ma ba ya kama kowane niyuron. Sel ɗin Purkinje na ƙaramar ƙwaƙwalwa sukan faɗa cikin marasa alama.

Don ganin makunnan kansu ana amfani da ATAC-seq, wanda aka fitar a Stanford a 2013. Inzayim Tn5 yana yanka inda zaren ya buɗe kawai. Tsawon guntayen ya kamata ya yi tsani: tarin ƙasa da haruffa 100, sannan kusa da 200, sannan 400. Idan tsanin ya ɓace, cibiyoyin sun lalace tun kafin yankan. Sai dai buɗewar wuri ba hujja ba ce cewa makunnin na aiki, balle a ce ƙwayar gado mafi kusa yake juyawa. A nemi alamar H3K27ac, wadda ke kan histon a makunnai masu aiki, a auna lanƙwasar zaren, a yanke shi a gani.

Taswirar ƙwaƙwalwar ɓera da Cibiyar Allen ta fitar a 2023 ta raba sel kimanin miliyan 4 zuwa aji 34 da rukuni 5,322, kuma furotin masu kunna gado suna cikin abubuwan da suka fi bambance rukunan.