Giya ta uku da maganar roba a Dilimi

Laraba. Sanyin asubar yau ya fi na jiya. Maman Hanif ta ce ruwan randa ba ya taɓuwa, sai da ta ɗora tukunya kafin yara su yi alwala. Na kai su makaranta, na biya Gangare na ɗauki Umma zuwa wurin likitan baya. Layi bai yi tsawo ba, alhamdu lillahi. An ƙara mata magani, an ce ta rage zaman tabarma, abin da na san ba za ta yi ba.

A hanyar dawowa, mun baro Farin Gada muka kama wani ɗan hawa. Na ja lamba biyu har inji ya buɗe murya, na taka kuloci zan jefa ta uku, sai sandar giya ta tokare. Na sake turawa, sai ƙarrr! Mota ta zauna a firi a tsakiyar hawa, ga tifa maƙare da yashi a bayana tana danna hon. Kafin giya ta shiga gudu ya riga ya mutu, dole na koma biyu. Umma ta riƙe murfin ƙofa tana salati. Sai da muka isa gida tana sauka ta ce, "Wannan motar taka lafiyarta ƙalau kuwa?"

Tambayar nan ce ta hana ni sukuni duk yinin. Idan motar tana tsaye, giya biyar ɗin da ribas duk suna shiga sumul. Sai inji yana ja, musamman a hawa, ta uku ke yin gardama. Kuma wata mai zuwa akwai bikin Abuja, ta Hawan Kibo za mu sauka. Duk wanda ya san gangaren nan ya san giya ce ke riƙe mota kafin birki. Ka nemi ta uku ka rasa, mota ta zauna a firi da iyali a ciki, birki kaɗai ya rage maka, shi kuma zafi yake ɗauka.

Bayan azahar na wuce Dilimi wurin makanikina, Malam Isiya. Mubarak ya maƙale sai ya bi ni, tun a hanya ya fara zuba. "Kawu, matsalar injin sit ce, abin nan da inji ke zaune a kansa. A cire na roba a sa masu taurin nan na masu tseren mota, inji ba zai ƙara motsi ba. Sannan a sa gajeriyar sanda, giya ta riƙa faɗawa tak-tak." Har bidiyo ya nuna min a YouTube muna cikin cunkoson Terminus. Yaron yana da kai, kuma rabin maganarsa gaskiya ce.

Malam Isiya ya saurare shi har ƙarshe yana goge hannu da tsumma. Sai ya buɗe bonet, ya ce wa yaronsa ya ja birkin hannu, ya sa lamba ɗaya, ya ɗan saki kuloci. Na ga inji ya ɗago ya karkata, ya kai faɗin yatsu biyu, sannan ya koma da wani ɗan bugu da na daɗe ina ji ƙarƙashin ƙafata.

"Ka gani, Alhaji? Sandar giya a jikin bodi take. Giyabos kuma a jikin inji yake. Golf 3 irin taka ƙarafa ne ke haɗa su, ba waya ba. In inji ya karkata haka, ya ja giyabos ya tafi da shi, sanda tana nan inda take. Kai kana tura ta uku, ita kuma ƙofar ta uku ta gusa."

Mubarak ya ce, "To ai shi na faɗa, Baba."

"Ka faɗi ciwon, ɗana, maganin ne ka wuce gona da iri. Robar nan aiki biyu take yi. Tana riƙe inji, tana kuma shanye karkarwarsa. Ka sa mai tauri, giya za ta shiga, ban musa ba. Amma ka tsaya a danja mota tana silo, sitiyari zai riƙa rawa a hannunka, madubi ya daina nuna komai, dashbod ya kama kuka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan."

Na san abin da yake nufi. Na taɓa shiga motar wani abokin aikinmu da aka yanka masa tsohuwar taya aka cusa a madadin injin sit. Daga Bukuru zuwa cikin gari, sulallan da ke cikin aljihun ƙofa ba su yi shiru ba, haƙorana kansu sai da suka ji a jikinsu. Shi ya saba, har hira yake yi. Ni kam ba zan ɗora Umma da bayan nan nata a kan irin wannan ba. Motar nan a cikinta yara ke barci in mun dawo daga Bauchi, a cikinta ni da Maman Hanif muke samun damar magana ba tare da ɗaga murya ba. Shirun nan yana da daraja a wurina, ba zan sayar da shi don giya ta yi tak-tak ba.

Abin da Malam Isiya ya ce shi ne a mayar da motar yadda aka ƙera ta. Injin sit uku ne, ɗaya a gaba, biyu a baya. Na gaban ya tsage, ya haska min da tocila na ga tsagar. Sabuwar roba ta ainihi ba ta barin inji ya yi wannan rawar, kuma ba ta kawo ƙara. Tsufa ne ya kashe wannan, motar da aka yi tun shekarun 1990 ta yi ƙoƙari ma.

Daga nan ya miƙa hannu bayan inji, ya ɓalle wani ɗan ƙarfe mai kan roba, ya zaro bushin ya aza min a tafin hannu. Ƙaramin abu, bai kai murfin kwalba ba. Ramin da ya kamata ya zama zagaye ya buɗe ya yi tsawo, gefensa ya bushe, na sa farce sai ya ɓantare. Ya ce irinsa suna da yawa tsakanin hannuna da giyabos, kowanne ya saki kaɗan, in ka tara sakin sai sanda ta riƙa lilo ko tana cikin giya. Mubarak ya ce a kai wa masu injin ƙira su yi na tagulla, ba zai sake cinyewa ba. Malam ya girgiza kai. Ƙarfe a kan ƙarfe yana ɗauko kukan giyabos ya kawo shi har cikin mota ta sanda. Gajeriyar sandar ma ya ce tana rage tafiyar hannu ne kawai, ta ƙara ƙarfin da za ka sa, ba ta gyara abin da ya cinye.

Maganar man giyabos ce ta fi ɗaukar lokaci. Ya kwance noti ya ɗebo kaɗan a yatsa, baƙi ƙirin, mai kauri. Ya ce cikin giyabos akwai zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, kuma sai sun ɗan kama sannan su yi aikinsu. Man da aka rubuta wa GL-5 an yi shi ne don aksul, abin da aka zuba masa yana iya hana zobban kamawa yadda ya kamata, wani ma yana cin tagullar a hankali. Na wannan motar GL-4 ne, 75W-90, kusan lita 2. Masu zuba mai lamba 140 don giyabos ya yi shiru kuwa, a Jos suke fi shan wahala. Garin da ke sama da teku da kusan mita 1,200, da asubar hunturu man nan daskarewa yake yi, lamba biyu ba ta shiga sai mota ta yi zafi.

Ya duba wayar kuloci, irin mai daidaita kanta ce, ya ce tana da sauran rai amma a sa mata ido, don in ta fara gajiya kuloci ba ya saki duka ko ka taka har ƙasa. Ya janye kafet daga ƙarƙashin feda. Sannan ya zaunar da Mubarak a kujerar direba, ya nuna masa sanda da kanta take komawa tsakiya, daidai layin uku da huɗu. Daga biyu zuwa uku ba a damƙe ta, tafin hannu ake sawa a tura gaba, a ɗan dakata a firi, ita za ta nemo hanya. Daga biyar zuwa huɗu ma haka, in ka fizgo ta wajen jikinka kana iya faɗawa biyu da gudu, inji ya tashi aiki. Yaron ya yi shiru yana gwadawa. Na ji daɗin ganin haka.

An canza bushin yau, har na ji bambanci a hanyar gida. Injin sit ne ba mu samu ba. Mun zaga shaguna, ko dai sabo mai ƙyalli da Malam ya matsa da babban yatsa ya ajiye bai ce komai ba, ko na Beljiyam wanda shekarunsa ɗaya da wanda za mu cire. A nan raina ya fara ɓaci. Kuɗin yana hannuna, abin kirki ne babu.

Muna tafe Malam yana ce min yaransa biyu sun bar gareji sun koma tuƙin Keke, wanda ya rage kuma ya fi son motocin otomatik, a jona kwamfuta ta faɗi ciwo. Na kalli hannunsa, na ga ya fara rawa in ya riƙe sifana. A 504 ɗin Baba, haɗin Kaduna, na koyi tuƙi, kuma Malam Isiya ne ke gyara ta tun yana saurayi. In ya ajiye aiki, wa zai tsaya ya haska min tsagar roba da tocila? Tun magariba wannan tunanin ke cina, har Hanif ya tambaye ni ko kaina ke ciwo.

Tuwon acca da miyar kuka. Wuta ta zo ta koma. Yaya Sani ya kira kan gudummawar biki.

Malam ya yi wa wani mutuminsa na Kano waya, ya ce injin sit ɗin zai iso ranar Asabar a motar haya, a ranar za a zuba man. Na gaya wa Umma in asibiti ya taso kafin nan, motar Yaya Sani za mu ɗauka.