Darasin tururuwa ga yaran firamare: a bar su su gani da idonsu

Yaro ɗan shekara 6 ko 7 ba ya riƙe zanen allo kamar yadda yake riƙe abin da ya tsuguna ya kalla. Don haka darasin tururuwa a waje ya kamata a fara shi, a bakin raminsu. A zaɓi kiyashi ko tururuwar da ba ta cizo. Cinnaka da kwarkwasa ba na aji ba ne. Da cokali ko takarda ake ɗaukar waɗanda aka zaɓa, ba da hannu ba.

A ɗiga ruwan sukari a kan takarda, a ajiye taku biyu daga ramin, a jira kamar minti 20. Ɗaya za ta fara tuntuɓe da shi, ta sha, ta koma gida, can sai ga layi ya kafu. To a nan ne malami zai goge wuri ɗaya a kan layin da jiƙaƙƙen tsumma. Waɗanda suka iso wurin sai su tsaya cak, su yi ta kewaye suna laluben ƙasa da 'yan ƙahonninsu. Kada malami ya yi gaggawar ba da amsa, ya bar yara su yi ta cacar baki tukuna. Dalilin shi ne wadda ta samo abinci tana barin wani sinadari mai wari a hanya, shi sauran ke bi, kuma shi aka goge.

Gidan kwalba, wato gidan da ake haɗa wa tururuwa a cikin kwalba don yara su ga ramukansu, ya fi buƙatar kulawa. A sa ƙaramar kwalba rufaffiya cikin babba, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 2, don ramukan su fito jikin gilashi. A cike tazarar da ƙasa mai laushi gauraye da yashi, mai ɗan danshi kawai. A zuba tururuwa 20 zuwa 30, duk daga rami ɗaya, domin na gidaje daban faɗa za su yi har su kashe juna. A ɗaure bakin da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, a nannaɗe jikin da baƙar takarda, saboda a duhu suke haƙa. Bayan kwana biyu ko uku a buɗe a duba.

Abin da ke yawan ɓata aikin ruwa ne da abinci. Ruwa ya yi yawa, ramuka su rufta. Abinci ya kwana, ya yi fumfuna. Ɗigo kaɗan a kan auduga ya isa, ragowar abinci kuma a kwashe washegari. Rana ma na dafa su a cikin gilashi, sai a ajiye a inuwa.

Daga nan a ba kowane yaro yumɓu da tsinkaye ya ƙera tasa: kai, ƙirji, ciki, da ƙafa shida. Yawancin yara a ciki suke kafa ƙafafun, alhali dukkansu a ƙirji suke. A mai da su ga kwalba su ƙirga da kansu. A nan ne kuma ake raba musu tururuwa da gara: tururuwa na da siririn ƙugu da ƙahonni masu lanƙwasa, gara kuwa ba ta da wannan ƙugun, dangin kyankyaso ce ma.

Tunda babu sarauniya, wato uwar da ke yin ƙwai, a kwalbar, ba za a ga ƙwai da tsutsa suna ƙaruwa ba, ma'aikatan kuma, waɗanda duk mata ne, ba za su daɗe ba. Bayan mako guda a mayar da su bakin ramin da aka ɗebo su.