Kushin babur ɗina: inda aiki ya kai a mako na uku

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyo irina. Yau mako uku ke nan da na kwance kushin tsohon babur ɗina, Honda CG 125, da niyyar in sake shi da hannuna a tsakar gida. Ledar ta daɗe da tsagewa, ruwan damina ya sha shiga, soson ya kwanta ya zama kamar tabarma. Duk ranar da na je Wudil daga Kano na dawo, da ciwon ƙugu nake kwana.

Makon farko kwancewa ce da yaƙi da tsatsa. Ƙasan kushin nawa irin na dā ne, farantin ƙarfe mai 'yan haƙora masu tsini a kewaye, su ke riƙe leda. In naku irin wannan ne, ku miƙar da haƙoran a hankali da filaya, sau ɗaya tak, don ƙarfen ya gaji. Ni uku suka karye mini. Na kankare farantin da burushin waya, na bi da samfefa, mai walda ya cike wata tsaga kusa da inda noti ke kamawa, sannan na shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, na bi da baƙi. Tsohuwar ledar kuwa kada ku yar. Na farke ɗinkinta na ajiye, ita ta zama mini ma'auni daga baya.

A mako na biyu ne na yi kuskuren da nake so ku kauce masa. Na sayo soson katifa mai kauri inci 4, mai laushi, wanda in ka danna da yatsa sai ya nutse. A hannu daɗi ne da shi. Na manna, na ɗaure, na hau. Kafin in yi minti 20 a hanya, ƙasusuwan mazaunaina sun huda shi sun tarar da ƙarfe. Wani dattijo mai aikin kushin a unguwarmu ya matsa shi da tafin hannu, ya nuna mini cewa katifa tana raba nauyin mutum a faɗin jikinsa duka, amma a kan babur nauyin yana taruwa ne a wuri kamar tafin hannu biyu. Soso mai laushi ba zai iya ɗauka ba, komai kaurinsa.

Sai na ɓamɓare shi, na koma kasuwa na nemo mai taurin nan da ake yi da gutsattsarin soso kala-kala a matse su wuri guda. Inci 2 na sa a ƙasa, na ɗora mai laushi rabin inci a sama don ya ɓoye kaushin. Wajen gam, ku shafa wa fuska biyun, ku jira kamar minti 10 har sai kun taɓa bai biyo yatsa ba, sannan ku haɗa. In ya kama ya kama, ba gyara. A waje za ku yi, nesa da murhu da risho, don warinsa na hawa kai kuma wuta na kama shi nan take.

Sassaƙar soson ita ta fi cin lokaci, kuma ita na fi jin daɗi. Na ja layi a tsakiya da alƙalamin maka daga gaba har baya, na riƙa auna hagu da dama daga layin. Da wuƙar yanka burodi na fitar da siffa, sannan na naɗe samfefa mai kaushi a guntun katako na yi ta gurza. Ku rufe hanci, ƙurar tana shaƙe mutum. Abin da jikina ya koya mini shi ne, inda ake zama ya kasance shimfiɗaɗɗe mai faɗi, kada ya yi tozo a tsakiya, don tozon nan shi ke danne mutum ƙafa ta yi sanyi. Gaba kuwa, wajen tanki, a tsuke shi a zagaye gefensa, don ƙafa ta kai ƙasa in an tsaya a danja. Na kuma ɗaga hancin kaɗan. Tsohon yana gangarar da ni kan tanki duk lokacin da na taka birki, ashe riƙe jikin da nake yi shi ke gajiyar da bayana.

Ban yarda da idona ba. Nakan rufe soson da buhu, in ɗaure da roba, in zaga unguwa, in dawo in sa alama inda ya dame ni, in gurje. Sau biyar na yi haka. Ku riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, don abin da wuƙa ta ɗauke sai da ƙari da gam yake dawowa.

Wannan makon na shiga leda. Na zaɓi ruwan ƙasa, don duk wanda ya taɓa ajiye baƙin kushin a ranar Afrilu ya san yadda yake ƙuna. Ledar kushin ta fi miƙewa ta ɓangare ɗaya, sai na ja ta da hannu na gane, na yanka yadda miƙewar za ta bi faɗin kushin. Tunda siffa ta canza, na ƙara inci ɗaya a kan tsohon ma'aunin. Keken ɗinkin gidanmu ya iya, da allura lamba 18 da zaren nailan, na kuma buɗe tazarar ɗinkin. In ya yi ƙanana, allura jera huda take yi, ledar ta yage a kan layin.

Kafin in ja ta, na tsaga tsohon tib ɗin taya na lulluɓe bakin farantin don kada ya yanke ta, na shimfiɗa farar leda siririya a kan soson saboda ruwan da ke bi ta ɗinki. Da sanyin hunturun nan ledar ta sandare da safe, sai na shanya ta a rana har ta yi laushi. Na kama gaba, na kama baya, sannan gefe da gefe daga tsakiya, ina duba layina. Inda haƙora suka karye na huda na sa ribit.

Baya ya kwanta sumul, ina ta shafa shi. Amma a hancin, ɓangaren hagu, akwai tattara guda biyu da suka ƙi fita, kuma na gane ledar ce ta yi yawa a wurin. Gobe da azahar, in rana ta yi zafi, zan saki haƙora huɗun gaba a hankali, in rage ledar in sake ja. In Allah ya kai mu Asabar zan hau shi zuwa Wudil, in ji abin da ƙuguna zai ce.