Abin da aiki ya koya mana game da takardun gini da manhajar AI ke rubutawa

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI) da ake kawowa wuraren gini yanzu sun wuce amsa tambaya. Ana zuba musu hotunan da foman ya ɗauka, da saƙonnin murya na WhatsApp, da takardun shigo da kaya, da zanen gini, su kuma su haɗa rahoton yini su tura wa injiniya da mai gini. Rubutun yana fitowa tsaf, shi ya sa mutane ke saurin yarda da shi. Amma rahoton gini don ranar rigima ake ajiye shi, ranar da bango ya tsage ko lissafin kuɗi ya saɓa. Ma'aunin da ya fi yi mana amfani shi ne a ɗauki kowane layi a tambaya: daga ina wannan ya fito, kuma wa zai tsaya a kansa?

A ɗauki ranar zubin kankare. Rahoton da ya ce "an zuba ginshiƙai lafiya" bai faɗi komai ba. Ana son a ga ginshiƙan da lambarsu a zane, misali C4 zuwa C7 a hawa na biyu, da lokacin farawa da gamawa, da ƙarfin kankaren da aka nema, da yawan da aka zuba, da sakamakon gwajin laushinsa, da sunan wanda ya duba rodi kafin kafinta ya rufe katako. Sannan a ga lambar da aka rubuta a jikin kowane samfur da aka cika a mazubi mai milimita 150, waɗanda za a matse a inji don gwada ƙarfin kankaren a kwana 7 da kwana 28. Amfanin wannan lambar sai bayan wata guda yake bayyana. Idan sakamakon kwana 28 ya gaza, kuma manhajar ba ta haɗa lambar samfurin da ginshiƙin da aka zuba ba, to babu mai iya nuna inda raunin yake. Sai dai a bi hawan gaba ɗaya da gwaji, bayan an riga an ɗora masa nauyi.

Babban aibin irin waɗannan manhajoji shi ne cike gurbi. An horar da su su rubuta abin da ya yi kama da cikakken rahoto, don haka idan foman ya manta bai faɗi sakamakon gwaji ba, wasu sukan ɗauko adadin da ke cikin ƙa'idar kwangila ko na jiya su saka. Ba a gane wannan da karatu kawai, sai an ɗana tarko. A nemo aikin da aka riga aka gama aka san gaskiyarsa, a ba manhajar ɗanyen bayanan mako guda. A cire takardar shigo da kaya ta rana ɗaya da gangan, a saka hoto mai dishi-dishi, a kuma haɗa saƙonni biyu masu karo da juna, ɗaya ya ce buhun siminti 200 aka sauke, ɗaya ya ce 180. Manhajar kirki za ta ce babu bayani a nan, ta nuna saɓanin, ta nemi mutum ya raba gardama. Wadda ta zaɓi adadi ɗaya ta wuce shiru, ba ta cancanci riƙe kundin aiki ba, komai kyan Turancinta.

Sai maganar murya. A wuraren aikinmu Hausa da Turanci a cakuɗe ake yi, ga ƙarar injin kwaɓa kankare a baya. "Sha biyu" da "sha shida" suna iya rikicewa a nan. Rodi mai milimita 12 nauyinsa kilo 0.888 ne a kowace mita, mai milimita 16 kuwa kilo 1.58. A tsawon mita 12 da ake sayarwa, tan ɗaya yana ba da kusan sanda 94 na farkon, da kusan 53 na biyun. Kuskuren kalma ɗaya ya isa ya ɓata lissafin sito da na biyan kuɗi, ya kuma sa kundi ya nuna an saka rodin da ba shi ke cikin ginshiƙi ba. Haka "tifa uku na yashi" ba awo ba ne, tunda tifa girma-girma ce. Kada manhaja ta mayar da shi mita kubik ba tare da an faɗa mata abin da motar ke ɗauka ba.

Kwanan wata ma yana cin mutane. Manhajar da aka saita a tsarin Amurka za ta karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, alhali 3 ga Afrilu ake nufi. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba yana rasa bayanan lokacin da aka ɗauke shi, sai in an tura shi a matsayin fayil, ga shi kuma rashin sabis yakan sa saƙon yau ya isa gobe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kwangilar FIDIC, wato tsarin kwangilar gini na ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa da ƙasa, inda ɗan kwangila ke da kwana 28 ya ba da sanarwar neman ƙarin lokaci ko kuɗi, a sashe na 20.1 na bugun 1999 da 20.2.1 na bugun 2017. Wanda ya makara yana iya rasa haƙƙinsa. Dole rahoto ya raba ranar da abu ya faru da ranar da labarinsa ya shigo. Duk inda ya ambaci zane kuma, ya faɗi lambarsa da gyara na nawa ne, don manhaja takan ɗauko tsohon zane idan har yanzu yana cikin rumbu.

Littafin bayanin da kamfanin manhajar ya rubuta shi ma abin aunawa ne, kuma mafi yawan masu saye ba sa buɗe shi. Mu abin da muke nema a ciki shi ne ya bayyana abin da manhajar ke aikatawa da kanta ba tare da izini ba. Tana iya tura wasiƙa ga mai gini? Tana iya gyara rahoton makon jiya, in ta gyara tsohon yana nan da sunan wanda ya amince? Idan an daina biyan kuɗin wata, ana iya fitar da kundin duka a PDF ko Excel? A ina ake ajiye sunayen leburori da hotunan fuskokinsu, tunda dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan? Abin da littafin ya yi shiru a kai, a nemi amsarsa a rubuce kafin a sa hannu.

A makonnin farko kowane layi ake dubawa. Daga baya ana iya sassautawa a kan yanayin gari da yawan ma'aikata, amma kankare, rodi, kuɗi da sanarwar kwangila sai injiniya ya gani ya sa hannu, don shi za a tuhuma. Duk lokacin da kamfanin ya sabunta manhajar, a sake ba ta waɗancan bayanan na mako guda a kwatanta sakamakon da na baya, domin sabon salo yana iya gyara wani abu ya ɓata wanda da yake daidai.