Abin da na koya game da gigin tsufa a ajin nazarin ƙwaƙwalwa

A gida gigin tsufa muke cewa, mu ɗauke shi abin da duk wanda ya daɗe a duniya zai gamu da shi. Karatun likita ya nuna mini cewa ciwo ne, kuma ɓarnarsa ana ganinta da ido.

Likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana nau'in ciwon da ya fi yawa, wanda ake kira da sunansa, a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa da ta rasu, Auguste Deter. Abu biyun da ya tarar, su malaminmu ya nuna mana a madubin ɗakin gwaji.

Na farko furotin ne mai suna amiloyid. Ƙwaƙwalwa na samar da shi kullum, tana kuma share shi. Idan sharar ta gaza, sai gutsattsarinsa su manne da juna, su taru tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, su dagula mahaɗar da saƙo ke bi. Ƙwayoyin tsaro su taso da niyyar gyara, kumburin da suke haddasawa ya ƙara ɓarna. Wannan taruwa kan fara shekara 15 zuwa 20 kafin a ga mantuwa.

Na biyun, furotin mai suna tau, shi ya fi tsaya mini a rai. A cikin ƙwayar yake, yana riƙe hanyoyin da kayan aikinta ke bi, kamar katakon da ke riƙe layin dogo. Idan ya lalace sai ya saki, ya cukurkuɗe, hanya ta rushe, ƙwayar ta yi ta ƙanjamewa har ta mutu. Kuma ɓarnar kan soma ne daga sashen da ke ajiye sabon abu, kewayen hifokamfus.

Sai da na shiga ɗakin marasa lafiya na ga amfanin sanin wannan. Wata tsohuwa ta gama cin tuwo, ko hannu ba ta wanke ba, ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Amma tana lissafo ƙawayen da suka raka ta ɗakin miji ɗaya bayan ɗaya. Jikarta ta ce, "Likita, wallahi da gangan Iya take yi." Na zauna na zana mata a takarda inda ciwon ya fara ci: tuwon bai samu wurin zama ba, bikin kuwa an ajiye shi tun ƙwaƙwalwa na da lafiya.

Maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 yana kwashe amiloyid, yana ɗan rage saurin ciwon, amma ƙwayar da ta mutu ba ya dawo da ita. Shi ya sa nake roƙon iyali su daina musu da tsoho a kan abin da ya manta, kuma su kawo shi asibiti tun ranar da ya fara maimaita tambaya ɗaya, domin wata mantuwar daga ƙarancin bitamin B12 ce ko matsalar maƙoƙo, waɗannan kuwa suna da magani.