Akun Gwaggo da Gashin da Ke Zuba

Yau Alhamis ce, ranar da Kasuwar Dole ta Damagaram take cika, kuma hazon hunturu ya sauko sosai tun kafin fitowar rana. Da hantsi ɗan gwaggona, wanda nake kira Yaya, ya bugo mini waya ya ce Gwaggo tana son in je unguwar Birni in duba akunta, domin gashinsa yana ta zuba har fatar ƙirjinsa ta fito fili. Dangi sun san ina kiwon tsirya da tantabaru tun ina yaro, shi ya sa duk wata matsalar tsuntsu takan ƙare a wurina.

Bayan mun gaisa na tarar gidan ya rabu biyu. Yaya yana cewa sauya gashi ne irin wanda kowane tsuntsu yake yi, a bar shi zai mayar da kansa. Gwaggo kuwa ta dage cewa bakin mutane ne, tunda duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya yana mamakin yadda akun yake amsa sallama. Akun irin mai launin toka ne mai jar wutsiya, marigayi mijinta ne ya zo da shi daga kudu shekaru masu yawa da suka wuce, kuma kejinsa yana rataye a rumfar da ke jikin madafa.

Maganar Yaya tana da tushe, domin aku yakan sauya gashi, yawanci sau ɗaya a shekara, manyan gashin fiffike kuma sukan ɗauki har shekara biyu kafin a gama sabunta su duka. Sai dai wannan sauyi yana da tsari. Gashin yana zuba ne kaɗan kaɗan, kuma idan ɗaya ya faɗi daga fiffiken dama to takwaransa na hagu ba ya daɗewa, saboda tsuntsun da ke daji dole ne ya ci gaba da tashi ko yana cikin sauyi. Sabon gashi shi ne yake turo tsohon daga ƙasa, don haka ba a ganin tsirarar fata. Abin da ake gani shi ne ƙananan tsiro masu tsini cikin farin kube, sun fi fitowa a ka da wuya, kuma idan kuben ya bushe yakan marmashe ya zube a ƙasan keji.

Da na matsa kusa, kansa na fara dubawa, kuma ina ganin duk mai aku ya kamata ya fara daga nan. Kan akun Gwaggo lafiya lau yake, gashin a kwance sumul, babu inda ya yi gibi. Daga ƙasan wuya kuwa abin ya bambanta: ƙirji ya zama fili, cinyoyin biyu sun tsiraita, kuma da ya ɗaga fiffike yana miƙa sai na ga ƙarƙashinsa ma haka yake. Duk wuraren nan inda bakinsa yake iya kaiwa ne, kai kuwa shi ne wuri ɗaya da ba ya iya cizo. Idan jiki ya lalace kai ya tsira, to tsuntsun da kansa yake fige gashinsa. Idan har kan ya yi sanƙo, sai a nemi dalili a wani wuri: ko dai abokin zama a keji ne yake fige shi, ko kuwa cutar nan ta baki da gashi ce, wadda wata ƙwayar cuta mai suna circovirus take haddasawa, inda sabon gashi yake fitowa a nakashe, farin garin da jikin aku yake fitarwa ya ɓace, baki kuma ya riƙa ƙyalli maimakon ya yi furu-furu. Na shafa sandar da yake tsayuwa a kai, yatsana ya yi fari, hankalina ya ɗan kwanta ta wannan fuska.

Sai na nemi gashin da ya zube. An riga an yi shara, amma jikar Gwaggo ta tsinto mini daga bola, muka baza su a kan faifai. Gashin da ya faɗi don lokacinsa ya yi yakan zo cikakke, gindinsa a bushe, mai santsi, babu jini, babu karaya. Irin wannan kaɗan ne a cikin abin da ta kawo. Mafi yawansu an tauna su, wasu an gutsure su daga tsakiya, wasu karansu ya dare biyu, akwai kuma waɗanda busasshen jini yake manne a gindinsu, alamar cewa an tumɓuke su ne suna cikin girma. Yaya ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, bai ƙara tayar da maganar sauyi ba. Duk da haka na nuna masa ƴan tsiron sabon gashi a ƙeyar akun, domin a gaskiya sauyin ma yana gudana, kuma ƙaiƙayin da yake kawowa yana iya tunzura tsuntsun da fatarsa ta riga ta bushe. Na kuma gargaɗe su cewa sabon gashi mai duhun gindi yana ɗauke da jini, idan ya karye yakan zubar da jini da yawa, don haka kada yara su riƙa ja.

Gano cewa figa ce bai yi wuya ba. Dalilinta ne ya ɗauke mu har azahar. Wannan tsuntsu ɗan kurmi ne, asalinsa dazukan Kamaru da Gabon da Kwango da kudancin Najeriya, inda iska take da laima kusan duk shekara. Mu kuwa a Damagaram ruwan da muke samu a shekara wajen milimita 400 ne, kuma a hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Gwaggo ta ce tun da sanyi ya shigo ta hana a yi masa wanka don kada mura ta kama shi. Ga hayaƙin itace daga madafa safe da yamma, ga turaren wuta da dare. Abincinsa kuma gyaɗa ce da gero, alhali a daji ƙwarar manja da ƴaƴan itatuwa yake ci, kuma cin tsaba kaɗai yana jawo ƙarancin bitamin A, wanda yake busar da fata. Gyaɗar da ta yi fumfuna ma tana da nata haɗarin ga hanta da huhu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kaɗaici, domin marigayin ne yake zama da shi a zaure suna surutu, tun rasuwarsa kuma aka mayar da kejin cikin gida inda ba mai kula shi sai lokacin ba shi abinci. A daji aku cikin garke yake rayuwa, yana wuni yana neman abinci da ɓare ɓawo, kuma da wuya a ga ya fige kansa.

Na ce, "Gwaggo, addu'ar da kike tofa masa ki ci gaba, amma ki yarda mu ɗauke shi daga bakin madafa." Ta ce, "To ɗana, kai ka san su." Muka mayar da kejin kusa da ƙofar ɗakinta inda take wuni a kan tabarma, nesa da iskar gabas. Da rana ta take na fesa masa ruwa mai ɗumi kaɗan, ya buɗe fukafukai yana kuwwa. Da yake ruwa abin tattali ne a garin nan na nuna mata cewa rabin kofi ya isa. Na sa an saka masa ɗanyen reshen zogale ya riƙa tauna, na kuma lissafa wa Yaya abin da zai sayo a kasuwa: karas, gwanda, dankalin Hausa mai jan ciki, da ɗan manja da za a riƙa ɗiga masa a abinci. Da dare a lulluɓe kejin, domin yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12.

Yaya ya kawo shawarar a sayo masa abokin zama, na ce ban goyi baya ba. Tun 2016 yarjejeniyar CITES, wadda take kula da cinikin namun daji a duniya, ta sanya irin wannan aku a rukunin farko, wato an haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma sabon tsuntsun da ba a san lafiyarsa ba yana iya shigo da cutar da muka yi murnar rashinta. Abin da na roƙe shi shi ne ya kawo likitan dabbobi cikin makon nan ya duba fata da kashi, saboda ƙwari ko ciwon ciki suna iya zama sanadi, haka ma gubar tutiya daga wayar kejin da yake ciza. Na jaddada masa kada a jinkirta, domin idan aka yi ta tumɓuke gashi daga gurbi ɗaya, gurbin yakan mutu, kuma gashi ba ya sake fitowa a wurin ko da tsuntsun ya daina.